Kaka ta cika majami'a, hunturu ya tona asirin haƙori

Bitrus: Salama gare ku masu sauraronmu, barkanmu da sake saduwa. Muna ɗaukar wannan shiri da safiyar Asabar a nan Jos, kuma hazo ya sauka sosai har duwatsun Shere ba sa ganuwa daga inda muke zaune. Tare da ni akwai Mama Saratu da ƙanwata Hannatu, wadda take aiki a sashen haƙori. Mama, ina kwana, yaya sanyi?

Mama Saratu: Lafiya lau ɗana, sanyi lokacinsa ne, mun gode wa Ubangiji da ya nuna mana shi. Hannatu, yaya aiki, yaya mutanen gida?

Hannatu: Aiki da godiya, Mama, kowa yana lafiya. Yaya ƙarfin jiki kuma?

Mama Saratu: Da sauƙi ƙwarai, 'yata. Jiya na ci tuwon acha da miyar kuka ba tare da na karkatar da kai gefe guda ba, wanda rabona da haka tun watan Agusta.

Bitrus: Dalilin shirin namu ke nan. Tun da Mama ta yi mako biyu ba ta zauna tare da mu ba, saƙonni suka cika dandalinmu na WhatsApp, kuma da labari ya fita cewa haƙori ne ya kwantar da ita, sai kowa ya fara kawo nasa. Na ƙirga mutum goma sha ɗaya da suka ce tun shigowar sanyi ba sa iya kurɓar ruwan randa da safe. Saboda haka za mu yi magana a kan hidimomin wannan kaka, mu taɓa batun sanyi da hutun da ke gabanmu, Hannatu ta yi mana bayanin haƙori, sa'an nan a ƙarshe mu karanta saƙonninku ɗaya bayan ɗaya. Mama, ku fara mana.

Mama Saratu: Ni zan fara da kalandar da ke manne a ƙofar majami'armu, domin a can ne maganar take. Daga ƙarshen Satumba zuwa daren shiga sabuwar shekara, ban ga Asabar ɗaya da aka bari fili ba. Mun yi makon Zumuntar Mata, muka fita muka shiga godiyar kaka ta yara, ta matasa ta biyo baya, sa'an nan babbar godiya ta dukan ikkilisiya a Nuwamba. A tsakani akwai taron farkawa na kwana uku, akwai ajin masu shirin baftisma kowace Laraba, akwai aure huɗu, akwai jana'izar dattijai biyu, ga mawaƙa suna koyon waƙoƙin Kirsimeti har dare, ga ma'aji yana bin kowace zumunta da neman lissafin shekara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar girki, kuma girki a majami'a hannun mata yake. Ba na ƙorafi, domin ina ƙaunar wannan lokaci fiye da kowane lokaci a shekara. Damina tana ɗaukewa a Oktoba, hanyoyin ƙauye suna bushewa, amfanin gona yana shigowa gida, mutane suna da ɗan abin hannu, shi ya sa kowane mai aure da kowace zumunta suke tura hidimarsu zuwa kaka.

Hannatu: Kuma godiyar bana ta fi ta bara cika, Mama.

Mama Saratu: Ta fi nesa ba kusa ba. Da ma kun tsaya inda na tsaya, kusa da teburin gaba, kun ga abin da idona ya gani. Buhunan masara daga Mangu, dankalin Turawa daga Bokkos, doya daga wajen Namu wadda guda ɗaya ta kai tsawon hannuna, kabeji da karas na masu lambu, har da wanda ya jawo tunkiya da igiya. Mata suka shigo a jere cikin anko, tulu yana amsawa, caki yana tashi, kowace da kaya a ka. Amma wadda ta sa ni hawaye wata gwauruwa ce tsohuwa da ta zo a ƙarshen layi da mudu ɗaya na acha a ƙwarya, an rufe da faifai. Wanda bai taɓa aikin acha ba zai ce mudu ɗaya ne kawai. Ni da na girma ina yankan ta da lauje na san abin da ke ciki: a yanka, a tattake, a sheƙe, a surfa, a wanke, a yi ta rairaya har sai yashi ya rabu da ƙwaya, alhali ƙwayar da yashin kusan girmansu ɗaya. Na sa yatsa a cikin achar nan, ban ji ko tsakuwa ɗaya ba. Wannan shi ne nunan fari da Littafi Mai Tsarki yake faɗa, wanda aka umarci Isra'ilawa su kawo a idin girbi a Fitowa sura 23.

Bitrus: Mama, ba za ku wuce godiyar bana ba tare da kun ambaci zakaran nan ba, domin rabin saƙonnin da na samu suna tambayar inda ya ƙare.

Mama Saratu: Farin zakaran nan mai jan tukku! Sau biyar aka sayar da shi a gwanjo.

Bitrus: Sau shida ne, Mama. Ni ne na riƙe littafin.

Mama Saratu: Bari mu ƙirga. Shugaban Zumuntar Maza ya fara saye a naira dubu goma sha biyu, ya ce ya mayar wa ikkilisiya. Mawaƙa suka haɗa kuɗi suka saya, suka mayar. Mu mata muka tashi muka ce ba za a bar mu a baya ba, muka ba da dubu ashirin, muka mayar. Sai baƙon nan da ya zo daga Abuja, sai dattijon da ke zama kusa da taga. Biyar ke nan.

Bitrus: Kun manta yaran Makarantar Lahadi, waɗanda suka zo da canji a cikin gwangwanin madara.

Mama Saratu: Gaskiyarka, ɗana, shida ne. Yaran nan sun juye gwangwani a kan tebur, naira hamsin hamsin da ɗari ɗari, aka ƙirga bai kai dubu uku ba, mai gwanjo ya ɗaga hannu ya ce an sayar, majami'a duka ta ɗauki tafi. Shi kuwa zakaran duk wannan lokaci yana hannun wani saurayi, ƙafafunsa a ɗaure da tsumma, kuma duk sanda aka ce an sayar sai ya miƙe wuya ya yi cara kamar ya san da shi ake.

Hannatu: Har a tsakiyar addu'ar rufewa ya yi cara, na ga Baba Fasto yana danne dariya.

Mama Saratu: Ai a gidan Baba Fasto ya ƙare, domin yaran sun ce kyautarsu ce gare shi. Uwargidansa ta gaya mini cewa ta hana a yanka shi sai ranar Kirsimeti, amma yanzu ƙananan yaran gidan sun saba da shi, suna ba shi tsaki da hannu, sun ce ba mai taɓa shi. Kuma shi yake tashin su addu'ar asuba, ƙarfe huɗu da rabi daidai, kafin ƙararrawa. Ni shawarata a bar shi da rai a sake kawo shi godiyar baɗi, domin zakaran da ya kawo wa ikkilisiya kuɗin buhun siminti da yawa a yini ɗaya ya fi ƙarfin tukunya.

Bitrus: Idan aka sake kawo shi, Zumuntar Matasa ce za ta fara taya shi, na yi alkawari a gaban masu sauraro.

Mama Saratu: Na riƙe ka da wannan magana. Amma ka sani mu mata mun riga mun fara adashi.

Hannatu: Mama, ku yi haƙuri in dawo da mu, domin tsakuwar da kuka ce ba ku ji a achar tsohuwar nan ba, ita kuka ji a wani wuri.

Mama Saratu: Haka ne, 'yata. A wani biki ne cikin Agusta, ina cin shinkafa dafa-duka a tsaye, domin masu rabon abinci ba sa zama. Na tauna tsakuwa da turmin ƙasa na hagu, na ji ƙas har cikin kunnena. Na tofar, na ga wani ɗan ɓallin fari kamar ƙwayar gero. Da na sa harshe sai na ji rami mai kaifi. Bai yi ciwo ba a ranar, sai dai abinci yana maƙalewa, ina sa tsinke ina cirewa. Na ce bayan makon Zumuntar Mata zan je a duba. Makon ya wuce, na ce bayan godiyar yara. Ta wuce, na ce bayan babbar godiya. Ko da yaushe akwai hidimar da ta fi haƙorina gaggawa a idona. A Oktoba ya fara tsuwa idan na sha shayi mai zafi, sai na koma taunawa da dama, na sa kanumfari a ramin da dare, ya lafa. Ranar da sanyi ya sauka sosai a ƙarshen Nuwamba, na fito addu'ar asuba, na buɗe baki zan amsa gaisuwar maigadi, iska ta shiga. Ɗana, na haifi 'ya'ya shida, na san ciwo. Wannan ya tashi daga muƙamuƙi ya harbi ido da kunne a lokaci ɗaya, na dafa bangon majami'a na tsaya, ban iya shiga ba.

Bitrus: Hannatu, a nan ne mutane da yawa suke cewa sanyi ne yake kawo ciwon haƙori. Ke da kike aiki a sashen haƙori, me za ki ce?

Hannatu: Yaya Bitrus, lafiyayyen haƙori ba ya damuwa da hunturu. Haƙori yana da farin rufi a waje, wanda shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan adam, kuma ba shi da jijiya. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya da ke cike da ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani, waɗanda suke kaiwa can tsakiya inda jijiya da hanyoyin jini suke. Muddin rufin yana nan kuma dasashi ya rufe tushen haƙori, sanyi ba shi da ƙofar shiga. Amma idan rufin ya fashe kamar na Mama, ko kogo ya ci shi, ko dasashi ya janye saboda dirza da burushi mai tauri, to waɗannan hanyoyi sun buɗe, kuma iska mai sanyi ko ruwan randa za su kai saƙo ga jijiya nan take. Abin da mutum yake ji a Disamba ya daɗe yana nan tun damina, sanyi ya zo ya nuna masa wurin ne.

Mama Saratu: Kamar rufin ɗaki ke nan, ba ka sanin yana yoyo sai ruwan farko ya sauka.

Hannatu: Haka yake, Mama. Akwai kuma wani abu da hunturu yake ƙarawa. Iskar tana da bushewa, mura tana toshe hanci, mutum yana kwana yana numfashi da baki, ga shi ba a jin ƙishirwa a sanyi balle a sha ruwa. Baki yana bushewa, alhali miyau shi ne yake wanke tsamin da ƙwayoyin cuta suke fitarwa bayan sun ci sukari, kuma shi yake mayar wa rufin haƙori ma'adinan da ya rasa. Sai a haɗa busasshen baki da alewar maganin tari da ake tsotsa duk yini da shayi mai sukari cokali uku.

Mama Saratu: Sanyin Jos kuwa ba a gaya wa baƙo, sai ya kwana. Muna zaune a kan tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya, kuma akwai dararen Disamba da Janairu da ma'auni yake sauka kusa da digiri 10. Mutanen Bokkos da Pankshin za su ce namu wasa ne. Na je Katako neman rigar sanyi ga jikokina, na tarar da layin masu gwanjo ya cika maƙil, kowa yana ɗaga hula da safa. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, man kaɗanya ya yi tsada. Su kuwa masu baftisma da za a nutsar a ruwa ranar Lahadi ta biyu ga wata, na roƙi dattawa a jinkirta sai rana ta ɗaga, kuma mu mata za mu tsaya da barguna da kunun zafi a bakin ruwa. Ina kuma roƙon masu sauraro da babbar murya, kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari, mutum barci yake yi ya wuce. A ji ɗumi a waje, a kashe wuta, a ƙara bargo.

Bitrus: Wannan gargaɗi ne mai muhimmanci. Amma Mama, kun tsaya a jikin bangon majami'a.

Mama Saratu: Daga bangon nan kemis na nufa maimakon asibiti, kuma a nan na ƙara wa kaina wahala. Aka ba ni maganin kashe zafi da wasu ƙwayoyi masu ja da rawaya, na sha kwana uku, ya lafa, na daina. Wata 'yar'uwa ta ce in daka asfirin in cusa a ramin, na yi, gari ya waye dasashina ya yi fari fat ya saɓule kamar an zuba ruwan zafi. Wata ta ce a kai ni wurin mai cire tsutsar haƙori da hayaƙi, wannan kam na ƙi. Ana gobe auren 'yar ƙanwata, na tashi da kumatu ya kumbura har idona ya ƙanƙance, ga zazzaɓi, ga baki ba ya buɗuwa sosai. Ɗana na fari ya ce yau ba biki ba girki, ya sa ni a mota.

Hannatu: Kuma ya yi daidai, domin wannan matakin ba na jira ba ne. Idan kumburi ya fito a fuska, ko ya gangara ƙarƙashin haɓa, ko mutum ya kasa buɗe baki, ko haɗiya da numfashi suka fara wuya, to mugunya ce take yaɗuwa, kuma tana iya toshe maƙogwaro ta yi kisa. A tafi asibiti a ranar, ko dare ne, ko ranar Kirsimeti ce. Asfirin kuwa haɗiya ake yi, idan aka ɗora shi a nama yana ƙonawa. Mun ga waɗanda suka ɗiga ruwan batir ko fetur, suka zo da gyambo a baki ga haƙorin yana nan da ciwonsa. Kanumfari yana da wani mai da yake sa wurin ya yi sanyi na ɗan lokaci, shi ya sa ya taimaki Mama da dare, amma ba ya cike rami. Tsutsa kuma babu ita a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suke cin sukari suna fitar da tsami, tsamin yana narkar da haƙori sannu a hankali.

Mama Saratu: Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar likitan, wani yaro sa'an ɗana, mai ladabi. Ya ɗauki hoton haƙorin ya nuna mini a haske, ya ce Mama, da a Agusta kuka zo, da cikawa kawai za mu yi, rabin awa kun tafi gida. Da a Oktoba ne, da mun cire jijiyar mun wanke ciki mun cike, haƙorin ya zauna. Yanzu tsagewar ta kai saiwa, sai cirewa. Bayan kumburi ya sauka aka yi mini allura aka cire, ya ɗora shi a kan auduga a cikin ɗan faranti. Na ɗauka na duba. Saiwa biyu ne dogaye, gefe ɗaya fari sumul kamar na yarinya, ɗaya gefen baƙin rami da tsaga ta raba shi. Shekara fiye da hamsin yana niƙa mini abinci. Na tuna da Karin Magana 25:19, inda aka kwatanta dogara ga maci amana a ranar wahala da ruɓaɓɓen haƙori. Amma wannan haƙori bai ci amanata ba, ya yi ta kira wata huɗu, hidima ta hana ni amsawa. Auren 'yar ƙanwata ma a gado na ji labarinsa.

Bitrus: Allah ya ƙara sauƙi, Mama. Hannatu, shekara hamsin da ta ambata, ashe turmi yana fitowa da wuri haka?

Hannatu: Turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6, a can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Shi ya sa iyaye da yawa suke zaton yana cikin haƙoran yarinta guda 20 da za a yi famfara, sai su bar shi ya ruɓe suna jiran wani ya fito a madadinsa, alhali yana cikin 32 ɗin da mutum zai rayu da su. Wannan ya kawo ni ga hutun da ke tafe, domin yara ne suka fi shan wahalarsa. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau babba ma kada ya wuce kamar cokali 6 a yini. Yaro zai zaga gida biyar ranar Kirsimeti, kowane gida lemo da cincin da alewa. Kuma yawan maimaitawa ya fi yawan sukarin ɓarna, domin duk sanda zaƙi ya shiga baki tsami yana tashi ya ɗauki wajen rabin awa ko fiye kafin miyau ya kwantar da shi. Gara yaro ya sha lemonsa tare da abinci lokaci ɗaya ya bi da ruwa, da ya yi ta kurɓa daga safe zuwa yamma.

Mama Saratu: Ba za a hana yara murna ba dai, 'yata. Kirsimeti sau ɗaya ne a shekara, kuma kwanon da muke aika wa maƙwabtanmu Musulmi, su ma su aiko mana da Sallah, ba za a aika shi babu cincin ba.

Hannatu: Ba hanawa nake nufi ba, Mama. A ci a sha, amma kada yaro ya kwanta bai goge baki ba, duk gajiya. Sau biyu a yini, minti biyu, da burushi mai laushi da makilin mai fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa rufin haƙori, a tofar, kada a kurkure da ruwa nan take. Ga manya kuma, abubuwa biyu suke kawo mana mutane a makon farko na Janairu: buɗe kwalba da haƙori da fasa ƙashin nama. Idan kuma haƙorin gaba na dindindin ya fita ɗungurungum a faɗuwa ko haɗarin babur, a ɗauke shi ta kansa kada a taɓa saiwar, kada a kankare, a sa shi a madara a ruga asibiti cikin awa ɗaya, ana iya mayar da shi ya kama. Wanda kuma yake jin ɗan motsi a haƙori yanzu, ya je kafin ranar 20 ga wata. Ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu hutu ne, ma'aikata suna raguwa, kuma wanda ya tafi ƙauye ba lalle ya sami sashen haƙori kusa ba.

Mama Saratu: Masu tafiya ƙauye kuwa su tashi da safe su isa da rana. Tun hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023 zuciyata ba ta kwanciya sai na ji kowa ya sauka. Muna tunawa da waɗanda suka rasa nasu, Ubangiji ya ta'azantar da su. Amma bari in faɗi abin da na zo da shi yau, domin a gado na yi tunaninsa. Mu ne muke karanta wa yara cewa jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma mu ne muke cika kalanda har mai hidima ba ta da safiya ɗaya ta zuwa asibiti. Waɗanda suka fi ɗaukar nauyin ikkilisiya, masu girki, masu shara, masu waƙa, su ne suka fi ɗaga ciwonsu zuwa bayan biki. Masu bisharar da suka zo ƙasar nan da farko, inda suka gina majami'a sun gina ɗakin magani kusa, asibitin Vom da na Jankwano shaida ne har yau. Saboda haka zan kai wa dattawa roƙo a taron ƙarshen shekara, a ware Asabar ɗaya a farkon Satumba, kafin guguwar kaka ta tashi, babu aure babu taro, a gayyato ma'aikatan lafiya su auna hawan jini su duba baki. Kuma a cire wani abu daga kuɗin godiyar kaka a ajiye domin wanda aka ce a cike masa haƙori ba shi da hali.

Bitrus: Kuɗin nan shi ne inda nake jin za a sha muhawara, Mama, domin an riga an ƙudura kuɗin godiyar bana ga rufin ɗakin Makarantar Lahadi. Kuma mutane da yawa ba sakaci ne yake hana su ba, sun san cirewa ta fi gyara araha, sai su jira har ya kai cirewa.

Mama Saratu: Na sani, ɗana, shi ya sa na ce a duba da wuri, lokacin da gyaran yake ƙarami kuma kuɗinsa yake ƙarami. Kuɗin zakara ɗaya da aka sayar sau shida zai cike haƙoran gwauraye da dama. Ba na neman a bar rufi, ina neman a tuna da waɗanda suke zama a ƙarƙashinsa. Hannatu, idan dattawa suka yarda, za ki iya samo mana abokan aikinki?

Hannatu: Zan yi magana da su, Mama, kuma na san za a sami masu zuwa. Sai dai dubawa da koyarwa za mu iya yi a harabar majami'a, cikawa da cirewa dole sai a asibiti inda ake dafa kayan aiki.

Bitrus: To, mu shiga saƙonni. Na farko daga wata 'yar'uwa a Bukuru, tana tambaya ko asuwaki ya isa ba tare da makilin ba, sa'an nan wani daga Langtang yana tambaya a kan haƙoran yaransa da suka fito da ɗigon ruwan kasa.

Mama Saratu: Ɗana, ka yi haƙuri, ƙarfe nawa yanzu? Wayata ce take ta motsi a jaka. Mata suna jirana a majami'a tun ƙarfe goma, yau muke gwada waƙar shiga ta Kirsimeti, kuma mabuɗin ɗakin da tulu yake yana hannuna.

Bitrus: Goma da kwata ta wuce, Mama. Hannatu, a taƙaice.

Hannatu: Asuwaki yana wankewa sosai idan an tauna bakinsa ya yi laushi kuma an kai shi har turame, amma a haɗa da makilin ko da dare ne kawai. Na Langtang kuwa mai yiwuwa yawan fuloraid ne a ruwan rijiyar yankin, wanda aka daɗe da sani, kuma ba ruɓa ba ce, amma bayaninsa yana da tsawo, ya kawo su a duba.

Bitrus: Sauran saƙonni tara sai mako mai zuwa, mun riƙe su. Mama, ku ɗaura gyale a baki kafin ku fita, iskar ba ta kwanta ba.

Mama Saratu: Na ɗaura, ɗana. Hannatu, zo ki riƙe mini jakar nan zuwa bakin titi. Ku zauna lafiya.